Malfa da jan rawani: yadda Nana Asma'u ta tafiyar da Ƴan Taru

Duk wanda ya bi kwalta daga Ƙonni zuwa Madawa ya san Galmi, ko don albasarta. Kaɗan ne ke tuna cewa a nan kusa akwai ƙauyen Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Na fara da wannan ne don in tare wata magana tun ba ta taso ba. Sau biyu ina ɗauko batun ɗiyarsa Nana Asma'u a taron horar da malamai a nan Tawa, sau biyu ana samun mai ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai wannan tarihin Nijeriya ne." Lokacin da baiwar Allah take aikinta babu Nijeriya, babu Nijar. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga baya ce ta bar Sakkwato a can, ta bar Maratta da Ƙonni a nan.

In an ambaci Asma'u, yawanci waƙoƙinta ake yabo, ko a kira ta waliyiya a shafa fatiha a wuce. Ni abin da ya dame ni daban ne. Ina so in dube ta kamar yadda za a dubi shugabar ilimi da aka damƙa wa yanki mai faɗi, ba gini, ba albashin malamai, ba littafin rabawa, sannan ɗaliban da take nema ba su da izinin fita daga gida. Me ta yanke? Me ya yi aiki, me ya rage?

Gidan da ta fito

An haife ta a Ɗagel a wajejen 1793, tagwai da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta ta ƙare ne a kan hanya, cikin yaƙi da yunwa. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirinsa. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, na 1820 ne, kuma ayyukanta da suka iso mu sun kai kimanin 60. Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare kusa da na mahaifinta.

Karatun mata a gidansu ba sabon abu ba ne. Shehu da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya caccaki malaman da ke tara almajirai a zaure suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin duhu, yana kwatanta yadda ake ɗaukarsu da kayan aikin gida, a mora har su fashe a yar a juji. Saboda haka Asma'u ba ta yi faɗan neman halaccin karatun mace ba. An gama mata wannan yaƙin tun tana goye. Nata yaƙin na hanya ne: yaya abin da aka halatta a takarda zai isa ga matar da ke daka a wani ƙauye mai nisan kwana uku?

Abin da ta tarar

Bayan rasuwar Shehu a 1817, daular da Bello ya gada ba ta zauna lafiya ba. Gobirawa da Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, suna kai hari, ana kai musu. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Bello ya ci nasara, kuma a bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi. Kowane yaƙi yana komowa da ganima, kuma mafi yawan ganimar mata ne da yara. Aka cika gidajen Sakkwato da Wurno da ƙauyukan ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka, da matan da Hausa kawai suke ji, waɗanda suka tashi cikin wata tarbiyya daban. Su ne kuma za su goyi ƴaƴan gidajen, su shayar da su, su koya musu magana.

Matan nan ba fanko suka zo ba, wannan shi ne abin da masu ba da labarin cikin gaggawa ke tsallakewa. Suna da bori, kuma bori a wurinsu ya wuce rawa da garaya. Shi ne asibitinsu in ciki ya ƙi zama, shi ne inda ake kai kukan kishiya, shi ne taron da mace ke samun ƴan'uwa in an raba ta da danginta. Yana da shugabanci ma. A Gobir akwai Inna, ƴar gidan sarauta, uwar ƴan bori, mai faɗa a ji a fada, wadda mata ke kai wa lalurarsu. Wanda duk ya ce wa mace ta bar wannan, dole ya nuna mata inda za ta kai ciwonta da kukanta gobe. Wa'azi daga kan buzu ba ya rufe wannan gurbi.

Ga kuma kulle. Matar aure mai shekarun haihuwa ba ta tafiyar kwana da kwanaki. Malami namiji ba ya shiga wurinta. Littattafan da ake da su na Larabci ne, kwafe da hannu, takarda kuwa ta sahara take zuwa da tsada. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka tarar da ƙofa a rufe.

Wa ke da ƙafa?

Shawarar farko da Asma'u ta yanke, a wajejen shekarun 1830 zuwa 1840, ita ce ta fi burge ni, don ba ta da wani ado. Ta duba cikin matan ƙauye wa al'ada ta yarda ya yi tafiya. Kashi biyu ne: tsofaffin da suka gama haihuwa, da ƴan matan da ba a kai ɗaki ba. Sai ta gina komai a kan waɗannan biyun. Su za su taso ƙungiya ƙungiya daga garuruwansu, a ƙasa, su zo gidanta a Sakkwato, su ɗauki karatu, su koma su shiga gida gida su sauke wa matan da ke kulle. Su ne Ƴan Taru, wato masu taruwa.

Ba ta tsaya jayayya da mazaje kan kulle ba. Wata za ta ce ragwanci ne, ko sassauci ga abin da bai kamata a sassauta wa ba. Ni na yi shekaru ina zaga makarantun ƙauye, na kuma ga tsare-tsare masu kyau da suka mutu a bakin zaure saboda sun fara da neman maigida ya sauya halinsa kafin a koya wa kowa baƙi. Asma'u ta bar ƙofar gaba a yadda take, ta aika wanda ba a hana shi shiga. Tsohuwa ba a yi mata sallama biyu.

Kowace ƙungiya tana da shugaba, ana ce mata jaji. Kalmar ta fatake ce, jagoran ayari. Zaɓen sunan kaɗai ya nuna irin aikin: ba a neman wadda ta fi kowa zurfin nahawu, ana neman wadda za ta fito da mata ashirin daga gari, ta san rijiyoyin hanya da gidan sauka, ta tsare mutuncin ƴan matan mutane, ta maido su lafiya. Sai da amanar mazajen gari jaji ke zama jaji. A marsiyyar da Asma'u ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u, abin da ta fi tunawa da ita shi ne ba ta da lokacin hutu, bazara da damina da kaka da hunturu duk tana bisa hanya tana kawo mata mutane. Shugabar da ta zauna ta tsara wa ma'aikaciyarta ta ƙauye baitoci don ta mutu, ta san ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya. Ina tuna wannan duk lokacin da na ji an yi wa wata malama sauyin wurin aiki da takardar da aka rubuta sunanta ba daidai ba.

Maganar malfa

In za a naɗa jaji, Asma'u kan ba ta malfa, a ɗaura mata jan rawani a kai. Masu binciken tarihin nan sun lura cewa irin shigar da Innar Gobir ke yi ke nan a bainar jama'a. A nan ne nake ganin zurfin siyasar matar.

Ka ɗauki Bagobirar da aka kawo wani ƙauye kusa da Wurno. Ba ta karanta takardar izini, ba ta san hatimin waziri ba. Amma ta san ma'anar mace da malfa da rawani tun tana yarinya: wannan uwa ce, ana kai mata ƙara, ana jin maganarta. Ranar da jaji ta shigo gari da wannan shiga, ba ta bukatar mai gabatarwa. Asma'u ta karɓe tufar abokiyar hamayyarta ta sa wa malamarta. Tana yaƙar bori a waƙoƙinta ba sassautawa, amma ba ta raina abin da ya sa mata ke binsa ba.

Ba tufar kawai aka karɓa ba, har da aikin. Jaji da matanta su ne masu wankan gawar mace, masu sulhunta rigimar gida, masu duba maras lafiya da mai jego, masu koya alwala da salla. A 1839 Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwani, inda ta tattara ayoyi da addu'o'in neman waraka, ciki har da na lalurorin mata. Ta kuma yi waƙar Roƙon Ruwa da Hausa, don in fari ya matsa a san inda za a dosa. Duk inda bori ke da amsa, ta nemi ta ajiye wata amsar a wurin.

Littafin da ba ya jiƙewa

Sauran matsalar ita ce abin koyarwa. Amsarta waƙa. Takarda na yagewa, gara na ci, ruwa na wanke tawada, amma baitin da ya zauna a ka yana tafiya da mai shi har bakin turmi. Kuma kari da amsa-amo suna tsaron saƙon: in jaji ta manta kalma ko ta ƙara tata, waƙar za ta yi ɗingishi, kowa ya ji. Wanda ya taɓa aika bayani ta bakin mutum uku ya ga yadda ya isa, zai gane darajar wannan.

Dubi jerin abin da ta tsara sai ka ga manhaja. Akwai gajeriyar waƙa da ta jero sunayen surori 114 na Alƙur'ani, ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya ta maido ta Hausa. Akwai Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu ta Fulatanci da ta mayar Hausa a 1831, mai gargaɗin masu mulki da talakawa baki ɗaya kan zalunci da cin haƙƙi. Akwai Godaben Gaskiya kan aƙida da lahira. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda na fi so. A ciki ta fara da matan gidan Annabi, ta biyo ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko ta ambaci malamai mata na ƙasarta, waɗanda wasu masu sauraro sun san gidajensu. Yarinyar da ta haddace wannan ta koyi cewa layin nan bai tsaya a Basra ba, ya iso unguwarsu.

Lura da harshe. Larabci take yi wa malamai, Fulatanci ga dangi da jama'ar Shehu, Hausa ga talakawa da sababbin shigowa. Ba ta ce sai ɗaliba ta koyi harshen malama kafin a fara ba. Mu a Nijar sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma har yau yaron Adar na shiga lakwal ya tarar da mushe, wato malamin aji, na yi masa magana da harshen da ko sau ɗaya bai taɓa ji a gidansu ba.

Kuɗin tafiyar da aikin kuwa daga matan yake fitowa. Ƴan Taru kan zo da abin da ya sawwaƙa, hatsi, zuma, man shanu, zane, har da saƙon matan da ba su samu zuwa ba. Asma'u ta raba wa mabukata da marasa lafiya. Matar kulle da ta auna hatsi ta ba jaji ta zama tana da hannu a ciki, za ta kuma jira a kawo mata nata rabon karatun.

Gefen da ba a cika faɗa ba

Kakata Bagobira ce, da zanenta a kumatu. Ba ta taɓa ba ni labarin jihadi yadda na karanta shi a littafi ba. A bakinta labarin garuruwan da aka watse ne da matan da aka kora kudu. Saboda ita ba zan iya rubuta wannan nazari kamar waƙar yabo ba. Da yawa cikin matan da tsarin ya nufa ba su zo Sakkwato da ƙafar son ransu ba. Asma'u ƴar gidan mulki ce, matar waziri, ƙanwar Sarkin Musulmi, ta kuma yi waƙar murnar nasarar Gawakuke, ranar da wasu gidajen namu suka yi makoki. Karatun Ƴan Taru rahama ne ga mace, a lokaci guda kuma hanyar daula ce ta mayar da waɗanda ta ci da yaƙi nata. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga dalilin ɓoye ɗaya don a ji daɗin ɗaya ba.

Ta fuskar aiki ma akwai giɓi. Matar aure mai ƙarfi a jika, wadda ita ce ke renon yara, karatu na isa gare ta ne ta hannu na biyu. Nauyin ya fi karkata ga hadda da aiki da abin da aka haddace, alƙalami bai bazu kamar yadda waƙa ta bazu ba. Abin koyarwa daga gida ɗaya yake fitowa, ƙauye na karɓa ne. Bori kuwa bai mutu ba. Har gobe akwai Inna a Tibiri.

Amma akwai gwajin da tsare-tsare kaɗan ke ci, wato mutuwar mai su. Asma'u ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ɗauka, cibiyar ta koma Wurno, bayanta Tamodi ta ci gaba. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, jajis ba su daina tafiya ba. Lokacin da Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta shiga binciken rayuwar Asma'u da taimakon Waziri Junaidu, wanda jininta ne, ta tarar da tsofaffi a ƙauyuka da malfarsu suna rera waƙoƙin. Abin da ya riƙe shi, a ganina, shi ne bai jingina da baitulmali ba. Da albashi ake biyan jaji, da ranar da fada ta faɗi ya faɗi.

A nan gida

Mun samu ƴanci a 1960, amma sai a 1987 mace ta fara shiga gwamnatin Nijar, Aissata Moumouni, kuma sai a 1999 mace ta shugabanci Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wato Bouli Ali Diallo. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan mata an yi musu aure kafin shekara 18. A 2017 aka sa hannu kan dokar kare karatun ƴa mace, daga 2021 kuma aka shiga gina makarantun kwana na ƴan mata. Duk wannan ƙoƙari ne, ban raina ba. Sai dai in ka tambayi uban da ya cire ɗiyarsa bayan aji shida, ba kasafai yake cewa karatu haramun ne ba. Cewa yake kwalejin na babban gari, wa zai riƙe ta can? Tambayar zamanin Asma'u ce ta dawo da wata riga. Kuma a Adar, inda maza ke watsewa bida da an gama girbi, wasu Libiya, wasu Abijan, wasu Nijeriya, waɗanda ke tsaron gari rabin shekara su ne tsofaffin mata.

Bara, bayan kaka, na je wani ƙauye a gabashin Tawa don zama da ƙungiyar iyaye mata ta makarantar. Ƴan mata biyar sun gama aji shida, ba wadda aka bari ta wuce. Muna zaune gindin bedi, na ba su labarin jaji da malfa kamar yadda na ba ku, a gajarce. Ban kai ƙarshe ba wata tsohuwa da ke can gefe tana ɓarar gyaɗa ta katse ni.

"Ke ɗiyata, dakata. Tsohuwa ta kai su, ta zamna da su, ta maido su?"

Na ce, "Haka ne, Inna."

"To mu da munka gama haihuwa, mi muke yi nan in ba gadin awaki ba? Ina da ƙane a garin, yana da ɗaki a bayan gida. In uwayensu sun yarda, ni in tai da su."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce mijinta na Libiya, sai an kira shi a waya. Wata ta ce ita ta yarda, amma wa zai ɗauki cinsu? Aka shiga lissafin tiya nawa ta hatsi kowane gida zai auna a wata, aka yi gardama kan ko gidan da ke da ɗiya biyu zai ba da ninki. Shugabar ƙungiyar ta ce a bari sai an gaya wa maigari, kada ya ji a bakin duniya. Na buɗe littafina ina rubuta sunayen gidajen da suka amsa, uku a ranar, biyu sai an yi shawara.

Da na tashi tafiya na durƙusa yi wa tsohuwar sallama, na ce mata cikin wasa in abin ya tabbata ni zan sayo mata malfa da jan rawani a kasuwar Tawa.

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta miƙo mini ƙafa, ta nuna silifas ɗin da aka ɗinke da waya.

"Malfa kam riƙe abinki, Malama. Takalmi nike so."